Alhamis: zayyanar Malam a kan katin walima

Yau Alhamis, makarantun allo suna hutu, shi ya sa na zaɓe ta don zuwa wajen Malam mai zayyana. Ɗiyar yayata za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Laraba ta sama, kuma tunda ni ne mai zane a kwamfuta a gidanmu, katin walima a kaina ya faɗa. Yaya ta turo mini samfura ta WhatsApp, irin waɗanda kowa ya sani: fitilar azumi ta Masar, ƙubbar masallacin Turkiyya, ruwan zinare a kan shuɗi mai duhu. Suna da kyau, ban ƙi ba. Amma irinsu nake bugawa kullum a shago, na aure, na suna, na walima, har ta kai ba ka iya bambance katin Sakkwato da na Legas. Na ce mata ta bar ni in gwada wani abu dabam. Allon da yarinyar za ta riƙe ranar sauka, zayyanar jikinsa nake so ta zama fuskar katin.

Da hantsi na fita, hazo ya rufe gari, sanyi na shiga har cikin ƙashi. Na ajiye babur kusa da Hubbaren Shehu na ƙarasa da ƙafa ta cikin lunguna. Na tarar da Malam a zaure kan buzunsa, ya jingina alluna uku da bango suna shan iska, na huɗu yana kan cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, an tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Lahiya lau, ɗana. Sanyi lokacinai ne. Mi ka tahe da kai da sassahe haka?"

Ban amsa nan take ba, domin idona ya riga ya tafi kan allon da ke hannunsa. Na daɗe ina ganin allon zayyana, tun muna yara ake zagayawa da shi gidajen dangi bayan sauka, mai sauka ya karanta a ba shi tukuici. Amma ban taɓa zama na ga ana yin sa ba sai yau. Malam ya fara ne da raba fili. Da zare da ɗan tsinke yake auna tsakiya, ya ja layin gefe biyu, ya ware gurbin da rubutu zai zauna, sannan ya yanka sauran filin zuwa ƙananan murabba'ai. Da'ira kuwa da kamfas irin na 'yan makarantar boko yake fitar da ita, wani tsoho da ya ɗaure ƙafarsa da zare. Sai da ƙashin aikin ya tsaya cak kafin launi ya taɓa allon. Daga nan igiyoyi suka fara saƙuwa, wannan ta bi ta ƙarƙashin waccan ta ɓullo ta sama, ta sake nutsewa, kuma ko sau ɗaya bai ruɗe da wadda ya kamata ta hau ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin zana dagin Arewa a kwamfuta ya san wahalar wannan hawa da sauka. Shi da alƙalamin kara yake yi, yana hira.

Abin da ya fi kama ni shi ne kaurin layinsa. Alƙalamin an fere bakinsa a karkace, don haka idan ya ja ƙasa layin ya yi kauri, idan ya juya gefe ya sirance. Inda tawada ta fara ƙarewa launin ya ɗan yi haske, inda ya sake tsomawa ya yi duhu. Ido yana bin wannan canjin ba tare da ya sani ba, shi ya sa ba ka gajiya da kallon allon.

Na tambaye shi tawada. Ya ce ta karatun yau da kullum gawayi ce da ƙaro, don a wanke ta cikin sauƙi idan yaro ya haddace. Wadda ake so ta zauna a takarda kuwa da bagaruwa ake dafa ta, a jefa mata guntayen ƙarfe daga maƙera, ta fito baƙa mai ɗan ja-ja, ta kama takarda ta ƙi saki. Bagaruwar nan dai ita ce majema suke jeme fatar jar akuyarmu da ita, fatar da ake yi wa littafi tadarishi, wato bango, da gafaka. Ja da rawaya da kore, ya ce, yanzu na kanti yake saye, kuma bai ɓoye ba: "Na da sun hi zama, amma wa ka da lokacin niƙa su yanzu?"

Sai na faɗa masa buƙatata. Ya yi shiru, ya ajiye alƙalami a bakin kurtu, ya ce in sake faɗi. Na sake. Ya ce kati nawa? Na ce ɗari biyu. Ya ce bayan walima ina katunan za su? Nan na gane inda ya dosa. A allon sauka akwai Fatiha, akwai farkon Baƙara. Katin gayyata kuwa ƙarshensa aljihu ne, ko ƙasan kujerar mota, ko hannun mai ƙosai.

"Zanen gehe ka ɗauka, na yahe maka," in ji shi. "Amma aya ba ta hawa abin da za a yas. Wanga shi ne sharaɗina."

Na karɓi sharaɗin da hannu biyu, kuma ina ganin duk mai buga takarda a garin nan ya kamata ya riƙe shi. Sau da yawa ana kawo mana aikin kalanda ko jakar rabon biki a ce a sa aya a sama don albarka, mu kuma mu buga, bayan mako biyu ka gan su a kwata. Malam ya ɗauko farar takarda ya sake fitar mini da zanen gefen shi kaɗai, tsakiya fayau, sannan a sama ya rubuta "Gayyatar walimar sauka" da ajami, da rubutun nan namu na Warshu mai fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ya ɗauki fiye da awa biyu, ni kuwa ko motsi ban so yi ba.

Da na zo biya ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Na ce a'a, Malam, a shagonmu kuɗin zane daban, kuɗin bugu daban, kuma zanen nan naka ne. Na ba shi daidai abin da nake caji idan kamfani ya ce in zana masa tambari. Ya ƙirga, ya dube ni, ya sa albarka. Ban ga dalilin da zai sa a biya mai linzamin kwamfuta da daraja, a sallami mai alƙalami da sadaka ba.

A hanyar komawa na riƙa tuna littattafan da na gani a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Abin da muke koya a bidiyon intanet da sunan tsara shafi, magabatanmu sun yi shi tun ƙarni biyu da suka wuce. Baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, ɗigon rawaya na hamza. Alamar kumsa a kan kowace aya ta biyar, ta kuri a kan ta goma, babban ado a gefen shafi inda izu ya cika ko inda sujada take, don mai karatu ya gane wurinsa da kallo ɗaya. Ba a ɗinke littafin, warwatse ganyayensa suke, don haka a ƙasan shafi sai a rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba, kada tsari ya rikice. Takardar ma tana da labari: da yawa daga cikinta idan ka ɗaga ta a haske za ka ga jinjirin wata uku a jere, alamar masana'antun arewacin Italiya, ta ratso Sahara a bayan raƙuma kafin ta iso hannun marubutan nan. A irin wannan takarda aka riƙa kwafar littattafan Shehu Usmanu da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Duk da hannu aka rubuta su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ba ta fara fita a Zariya ba sai 1939.

Na isa shago bayan azahar. Na ɗauki hoton takardar da sikana, na buɗe ta a manhajar zane ta CorelDRAW. Akwai wurin da za ka danna manhajar ta bi layukan da kanta ta mayar da su sumul. Na gwada don in gani, sai ga igiyoyin Malam sun zama kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kusurwoyi sun dunƙule. Na soke. Na zauna na raba launukan da kaina, ja daban, rawaya daban, baƙi daban, na bar kowane layi da kaurinsa da sirancinsa. Ƙurar da sikana ta ɗauko kawai na goge. A tsakiya na sa bayanin walima da boko, da haruffa marasa ado, don kada su yi gasa da ajamin da ke sama.

Yaron shagonmu ya ce, "Yaya, mu kai a buga da babbar firinta mana, kafin magariba an gama." Gaskiyarsa ta fuskar lokaci. Amma firinta launi huɗu take haɗawa da ƙananan ɗigo, kuma jan da take bayarwa ba ya zama irin na allo. Ni bugun raga nake so, wato a tura fenti ta ramukan raga, wanda fenti ke kwanciya a kan kwali har ka ji tudunsa da yatsa. Muka fitar da kowane launi baƙi ƙirin a takardarsa, muka shafa mata man gyaɗa don haske ya ratsa. Ragogin tun jiya na shafe su da maganin da rana ke busarwa, na ɓoye su a duhu. Muka ɗora takarda a kan raga, muka danne da gilashi, muka fita rana. Inda haske ya taɓa maganin ya taurare, inda zane ya kare shi ya wanke da ruwa ya bar ƙofa. Ranar Sakkwato a watan zafi ba ta ba ka lokacin ƙifta ido, amma yau saboda hazo sai da muka ƙara mata ɗan jira.

Muna cikin haɗa ja sai Baba mai fenti na maƙwabta ya leƙo. Shi ne a da yake rubuta allunan shaguna a layinmu, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin katako. Tun da bana, wato shimfiɗar talla ta roba, ta shigo kasuwarsa ta ja baya, ko da yake allunan da ya rubuta tun ina firamare har yanzu ana karanta su, banar roba kuwa shekara ɗaya a ranar nan ta isa ta koɗe. Ya ɗauki takardar Malam ya kai ta bakin ƙofa, ya dubi jan da muka haɗa, ya girgiza kai.

"Wanga ja na tumatur ne, ɗana. Na Malam ja na ƙasa ne. Kawo rawaya kaɗan, da baƙi kan tsinke."

Ya juya da ɗan katako, ya shafa a gefen kwali, ya hura, ya kara da na asali. Sai ka rantse daga kurtu ɗaya suka fito. Lambar launi da nake nema a kwamfuta tun ɗazu, shi idonsa ya ba shi ita a tsaye.

Muka fara da rawaya, domin mai haske ake fara bugawa, baƙi ya zo ƙarshe ya rufe mahaɗa. Na manna 'yan guntayen kwali a tebur don kowane kati ya zauna a gurbi ɗaya, in ba haka ba ja zai hau inda ba nasa ba. Iskar hunturu tana busar da fenti a cikin raga da sauri, idan ka tsaya amsa waya sai ramuka su toshe, don haka muka yi layi: yaro yana sa kati, ni ina jan robar da ke tura fenti ta raga, Baba yana kwashewa yana shanyawa a kan igiya can cikin shago inda ƙura ba ta kai. Babu kati biyu da suka fito iri ɗaya sak. Wani jansa ya fi cika, wani ya ɗan gota da gashi ɗaya. Waɗanda suka gota sosai muka ware, sauran na bar su.

Magariba ta same mu an gama rawaya da ja. Na ɗauki hoton guda na tura wa Yaya, ta kira nan take ta ce a ƙara hamsin saboda dangin mijinta na Gwadabawa, kuma a ajiye mata goma da ba za a rubuta sunan kowa a kai ba. Kwalin da ya rage ba zai kai ba, sai na shiga Babbar Kasuwa da safe kafin a tafi masallaci. Baƙi sai Asabar, idan jan ya bushe sarai. Baba ya ce zai zo da nasa burushi, akwai ɗigon kore a tsakiyar kowace da'ira da yake ganin da hannu ya kamata a sa shi, ɗaya bayan ɗaya.