Tsohuwar a-kori-kurata da neman tiyon birki a Harrisburg

A Harrisburg, babban birnin jihar Fensilbeniya, da mota ake neman abinci. Aikin da yawancinmu muke fara samu idan mun sauka yana manyan rumbunan ajiyar kaya ne, waɗanda suka jeru a gefen babbar hanya mai lamba 81 wajen Carlisle. Ana shiga kafin asuba ko a tashi tsakar dare, lokacin da babu bas a titi. Na daɗe ina bin motar wani ɗan'uwa ina ba shi kuɗin mai, har aka sauya masa lokacin aiki, dole ta sa na nemi tawa.

Abin da kuɗina ya kai shi ne wata a-kori-kura Toyota ƙirar 1993, fara, mai ja da ƙafafun baya kaɗai, da inji mai silinda huɗu da ake kira 22R-E. Wani dattijo manomi ne ya sayar mini. A gida Hilux ce, a nan kuwa ba da wannan suna aka sayar da ita ba, kuma a 1995 Tacoma ta gaje ta. Ana tayar da ita na gane muryarta, don da irinta kawuna yake lodin gero daga kasuwar Ɗambatta zuwa Dawanau. Mutanenmu sun yi ta mamaki, ga ƙananan motoci masu kyau, me zan yi da wannan tsohuwa? Ni kuwa na yi lissafina. Mai a-kori-kura ba ya rasa ɗan abin yi bayan tashi daga aiki, yau ka kwashe wa wani kujeru, gobe firji.

Dokar jihar nan ita ce kowace shekara a kai mota gareji mai lasisi a duba lafiyarta, a manna mata takarda a gilashin gaba. In babu takardar, ɗan sanda zai iya tsayar da kai ya ci ka tara. Da lokacin tawa ya zo, bakaniken ya ɗaga ta sama ya yafito ni. Ya kama tiyon robar da ke bayan tayar gaba ta hagu, ya lanƙwasa shi da yatsa, ya haska fitila. Jikinsa duk ya tsattsage kamar faso a diddige lokacin hunturu. Ya sa abokin aikinsa ya taka birki, sai na ga wani wuri kusa da bakin ƙarfen ya kumburo, ana sakin birkin ya koma. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an sauya, kuma shawararsa a sauya duka, tunda sa'annin juna ne. Aikin hannu a nan da awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya ta bakanike ta kusa abin da nake samu a yini. Ya ce in na ga dama in gyara a wani wuri in dawo ya sake dubawa.

Raina ya ɓaci a ranar, amma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a arewa ya san maganar da ake ji a rediyo bayan hatsari: birki ne ya ƙwace. Mu ce ƙaddara, kuma ƙaddarar ce, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sai dai sau da yawa sanadin ɗan tiyo ne da bai kai kamu ɗaya ba, wanda da wani ya durƙusa ya leƙa da ya gani. Dokokin ƙasar nan da yawa sun takura mini, amma wannan kam ina tare da ita har zuciya.

Man birki yana bi ne ta cikin siraran bututun ƙarfe da ke manne a jikin shasi. Ita kuwa taya hawa take tana sauka, ta gaba ma har juyawa take da sitiyari, kuma ƙarfe ba zai jure wannan ba. Shi ya sa daga ƙarshen bututun ake haɗawa da tiyon roba mai saƙar zare a ciki. A tawa uku ne, biyu a gaba, ɗaya a baya tsakanin shasi da aksul. Tsufa yana cin robar, gishiri yana cin ƙarfen bakinta. Wannan gishirin ban zo da saninsa ba. Da sanyi hukuma tana barbaɗa shi a tituna, har ruwansa take fesawa, don kada ƙanƙara ta kama, shi kuma ya bi ƙarƙashin mota ya zauna. Motar da za ta shekara talatin a Kano ba komai a ƙarƙashinta sai ƙura, a nan rabin haka ya isa tsatsa ta gama da ita. Tiyo kuma yakan mutu ta ciki alhali wajensa lafiya lau: robar cikin ta rufta, mai ya tafi ya kasa dawowa, birkin ya riƙe, taya ta ɗau zafi, mota ta riƙa ja gefe guda.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, in kana neman sifiya, tsohon kake cirowa ka riƙe a hannu. Mai shago ya juya shi sau ɗaya ya ce na mota kaza ne, in babu a wurinsa ya tura yaro layin gaba, kafin ka gama shan ruwan leda an kawo. A nan yaron shago bai ko kalli ƙarƙashin mota ba, kwamfuta yake kallo yana jero tambaya: wace shekara, wane inji, ƙafa biyu take ja ko huɗu, gaba ko baya, hagu ko dama. A shagon farko na samu na gaba guda ɗaya, ɗayan sai an yi oda. A wani shagon aka miƙo mini wanda kwamfuta ta ce shi ne, na je na gwada shi a jikin tsohon, tsawon bai zo ɗaya ba, bakin ma daban. Na mayar, sun ba ni kuɗina ba gardama. Na baya kuwa kowa sai ya ce babu a rumbunsu. Motar ta girmi yawancin masu tsaron shagunan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ba wani dattijo labari. Mutumin Maraɗi ne, 'yan Nijar suna da yawa a garin nan kuma sun riga mu zuwa, kowa Baba yake ce masa. Ya yi kanikanci a gida shekaru da dama kafin ya ƙetaro. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, a ƙasar nan mota da lamba take magana. Zo mu je ka nuna mini ita.”

Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata takarda a jikin ƙarfen, mai ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera motar. Sannan ya kai ni gindin gilashin gaba inda lambar shasi take, haruffa da alƙaluma 17, tsarin da ake bi tun 1981. Ya ce in dubi ukun farko. Tawa JT4 ce, wato a Japan aka haɗa ta. Wadda ta fara da 4TA a Fremont ta jihar Kalifoniya aka haɗa. Ya ce da wannan lamba zan nemo lambar kowane tiyo a kundin kayan motar, in rubuta a takarda, daga nan ba ruwana da abin da yaron shago ya zata. Ya sa na shiga ƙarƙashi da zare na auno tsawon kowanne daga baki zuwa baki, na ɗauki hoton bakunan da waya.

Sai ya ja mini kunne a kan wani abu. Zaren notin motocin Japan milimita 10 ne, na tsoffin motocin Amurka kuwa da inci ake auna shi, kuma akwai wani mai uku bisa takwas na inci da yake shiga ramin milimita 10 har mutum ya ɗauka ya zauna. “Zai ɗauru, ɗana, har ka fita ka yi yawo. Ranar da ka taka da ƙarfi, ranar zai tsinke.”

Na ce, “Baba, in na je filin matattun motoci fa? An ce akwai irinta.”

Ya ce in je, amma ban da tiyo. Na je. Fili ne makeke, ka biya 'yan daloli a ƙofa, ka shiga da akwatin sifanunka da baro, motoci a jere an ɗora su a kan tsoffin wili, kowa yana kwance abin da yake so. Na tarar da irin tawa, ja, ba ƙofa ba kujera. Na ciro 'yan maƙalan ƙarfen da ke riƙe tiyo a mazauninsa, don nawa tsatsa ta cinye su. Na taɓa tiyonta, ya bushe ƙamas. A gida kayan Beljiyam sun fi sabo daraja a idon mutane da yawa, kuma a kan inji ko giya ina tare da su. Roba kuwa ko ba a more ta ba shekaru suna kashe ta.

Wani abokin aikina ya tura ni wurin masu haɗa tiyon taraktoci da manyan injuna, wai za su yanka mini daidai tsawon da nake so. Mai wurin ya ƙi. Ya ce robar da suke aiki da ita ta baƙin mai ce, man birki cinye ta yake, kuma tiyon birkin motar da ke hawa titi yana da ƙa'idarsa ta gwamnatin tarayya, mai lamba 106. Ya ce duk wanda zan saya in duba jikinsa in ga an buga DOT, galibi kuma da SAE J1401. Ya bar ciniki ya gaya mini gaskiya, na yi masa godiya sosai.

Da lambobin a hannu abin ya zo da sauƙi. Na gaba biyu na same su a cikin gari, na baya na yi odarsa ta intanet. Da ya iso na shimfiɗa zarena a kansa, ya zo cif.

Gidan hayarmu an hana gyaran mota a harabarsa, yana rubuce a yarjejeniya, don haka bayan gidan Baba muka yi aikin ranar Asabar. Tun kwanaki kafin nan ya sa nake fesa wa notocin man sassauta tsatsa. Ya fito da wata sifana lamba 10 mai ɗan tsagi a baki, wadda take rungumar noti ta kusan kowane gefe, ya ce sifanar yau da kullum murje kan notin take yi. Na gaba suka kwance lafiya. Na baya, notin ya riga ya zama abu ɗaya da bututun ƙarfen, yana juyawa bututun ya murɗe ya ɓalle, mai ya fara ɗiga. Gabana ya faɗi. Baba ko a jikinsa, ya ce gara a nan da a kan hanya. Muka koma shago muka sayo bututu na gaurayen tagulla da nikel, wanda yake lanƙwasuwa da hannu kuma gishiri bai cika cinsa ba. Na'urar buɗa bakin bututu aronta suke bayarwa, ka ajiye kuɗi, in ka mayar a ba ka abinka. Sai da ya buɗa baki uku a kan guntaye ina kallo, ya ce in yi nawa, ya duba ya jefar, na sake, sannan ya yarda muka yi na gasken.

Akwai layi da aka ja a jikin kowane sabon tiyo daga sama har ƙasa. Na ɗauka ado ne, ashe da shi ake gane ko tiyon ya murɗe wajen ɗauri. Ya sa na juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, yana leƙe ko tiyon zai goga taya.

Sauran fitar da iska. Babban ɗana ya hau kujerar direba, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa. Baba yana kwance a kan kwali yana kira, “Buga! Buga! Riƙe!” Yaron ya amsa, “Na riƙe, Baba!” Ya sassauta ɗan notin, mai ya fito da kumfa ya bi siririn tiyo zuwa cikin kwalba, ya ɗaure, a sake. Daga baya muka faro muka dawo gaba, har da wani bawul da ke saman aksul, mai daidaita ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya, shi ma yana da nasa notin. Ni aikina in riƙa ƙara sabon man birki nau'in DOT 3 a tulun sama kada ya ƙafe. Tsohon man baƙi ƙirin ya fito. Baba ya ce man birki ruwa yake zuƙa daga iska, shi ya sa ba a barin gorarsa a buɗe. Tsohon ma ba a kwarara shi a kwata, wurin karɓar irin wannan shara na kai shi.

Da muka gama na ciro kuɗi. Ya ɓata fuska. “Haba ɗana, ni za ka biya? In wani ya zo gobe da irin wannan, ka kwanta masa a ƙarƙashin mota.” Da yamma uwargida ta aika masa tuwon shinkafa da miyar kuka, wannan kam bai mayar ba.

Bakaniken ya sake ɗaga ta, ya bi sabon bututun da fitila daga farko har ƙarshe, ya tambayi wanda ya buɗa bakin, sannan ya manna takarda. Da Babbar Sallah ta zo, da ita muka je New Holland a yankin Lancaster, inda ake babbar kasuwar tumaki da awaki, muka ɗauko ragunan gidaje huɗu. Hanyar akwai gangara, ga kekunan doki na mutanen Amish da sai ka rage gudu a bayansu, birkin bai ba ni tsoro ko sau ɗaya ba.

Akwai dai maganar shasi. Ranar da aka manna takardar, kafin in tafi, bakaniken ya ƙwanƙwasa wani wuri kusa da mazaunin sifirin na baya da guduma, ɓawon tsatsa ya zubo, ya ce bana ta wuce, baɗi sai abin da ya gani. Yanzu duk lokacin da ƙanƙara ta sauka aka zuba gishiri, ina kai ta wurin wanki a fesa mata ruwa ta ƙasa. Uwargida tana so a sayar a sayi wadda za ta ɗauke mu duka da yara, kuma tana da gaskiya, gaban a-kori-kura mutum uku ne a matse. Mun tsaya a kan za mu fara tara kuɗin ta iyali, ita kuma wannan Baba ya ce akwai wani mai walda a Steelton da za mu kai wa ya duba shasin kafin sanyi ya shigo.