Ciwon ƙashin jarirai da maganin da ake ta yaɗawa a guruf

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwanakin nan ana ta tura wani saƙo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wai Turawa sun gano yadda ake gyara ƙwayar halittar jarirai masu ciwon ƙashi na gado, allura ɗaya shikenan yaro ya warke, har da masu cewa iyaye su daina wahalar zarya asibiti su jira maganin ya iso Saudiyya. Wannan "su jira" ɗin wallahi ita ta hana ni sukuni. Muna da yaro mai irin ciwon a dangi, ɗan ƙanwar mijina, nan Shari'a Mansur suke a Makka, kuma ni nake raka ta ganin likita saboda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, Larabcin bai zauna mata ba tukuna.

Sunan ciwon a asibiti ostiyopetrosis. Wani likitan hoto Bajamushe, Albers-Schönberg, shi ya fara bayaninsa a 1904. Mai tsananin da ke kama jarirai ba shi da yawa, kusan haihuwa ɗaya cikin 250,000, amma yana ƙaruwa a inda ake yawan auren zumunci, kuma mu da Larabawan nan duk mun san kanmu a wannan fanni.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙashin ba laushi yake yi ba, tauri yake yi ya wuce ƙa'ida. Ashe ƙashin mutum kullum cikin aiki yake, akwai ƙwayoyi masu gina sabo akwai masu narkar da tsoho. A jikin waɗannan yara masu narkarwar ne ba sa aiki. To kamar gida ne da magina ke ta jera bulo ta ciki babu mai rushe komai, a hankali ɗakuna su toshe, tagogi su toshe. Ramin da ɓargo yake zama ya cike, jini ya ƙi samuwa, hanta da saifa su kumbura suna ƙoƙarin yin aikin da ba nasu ba. Ƴan ƙofofin da ke ƙoƙon kai inda jijiyar ido da ta kunne ke wucewa su ma su matse. Duk da taurin nan kuma ƙashin saurin karyewa gare shi.

Namu yaron da hanci ya fara, kullum a toshe yana gurnani in yana shan nono, aka yi ta cewa mura ce, sanyin ese ne. Sai ciki ya ɗago, tafin hannu ya yi fari. Sannan idon, Allah sarki, ka kaɗa masa makulli a gaban fuska ba ya bi, ƙwayar sai rawa take yi hagu da dama. Ranar da likita ta ɗora hoton ƙashin a allon kwamfuta na ga cinyar yaron fari fat tun daga sama har ƙasa, babu duhun nan na tsakiya inda ɓargo ya kamata ya kasance. Uwar ta riƙe min hannu ta ce "Anti, me ta ce?" ni kuma na rasa ta inda zan fara fassarawa.

Yanzu ga inda hikimar Ubangiji take, kuma nan ne nake so a fahimta sosai. Ƙwayoyin nan masu narkar da ƙashi asalinsu daga ɓargo suke fitowa, ƴan gida ɗaya ne da ƙwayoyin jini. Shi ya sa dashen ɓargo yake iya warkar da ciwon ƙashi, in aka sa wa yaro ɓargon mai lafiya sai ya haifo masu narkarwa lafiyayyu su shiga aiki, ramin ya buɗe, jini ya dawo. Wannan ba sabon abu ba ne, an shekara sama da 40 ana yi a duniya, kuma a ƙasar nan asibitin Malik Faisal na ƙwararru da ke Riyad ya daɗe yana dashen ɓargo. Amma dashe ba wasa ba ne, sai an ba jariri magani mai ƙarfi irin na ciwon daji an kashe nasa ɓargon, sai an samu wanda jininsu ya dace, kuma wani lokaci sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jikin yaron.

Wannan matsala ta neman mai bayarwa ita ta sa masana suka ce to me zai hana a ɗebi ɓargon yaron da kansa a gyara a mayar masa. Kusan rabin masu irin na jarirai matsalarsu a ƙwayar gado ɗaya take mai suna TCIRG1, wadda ke taimakawa wajen fitar da sinadarin tsami da ake narkar da ƙashi da shi. Sai a ɗauki wani bairos da aka cire wa dafi, a ɗora masa lafiyayyen kwafi, a haɗa shi da ƙwayoyin yaron a ɗakin gwaji, sannan a ɗura masa su ta jijiya. Masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun gwada a ɓeraye an ga alamar nasara. Daga nan wani kamfanin Amurka, Rocket Pharmaceuticals, ya buɗe gwaji a kan jarirai a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. Jariri na farko da aka yi wa a 2021 ya rasu sakamakon matsalar huhu, wadda suka ce da alama ba daga gyaran kanta ba ce, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin ya ajiye shirin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuma ku lura, ko a wannan hanyar sai an ba yaro maganin kashe ɓargo, ba allura ɗaya ba ce a tafi gida.

Ba ina cewa ilimin ƙarya ba ne, a'a, ina da yaƙinin ranarsa za ta zo in sha Allah. Ga sikila nan da muka fi kowa sani, Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganinta na gyaran ƙwayar gado, a ƙarshen 2023, Saudiyya ta bi baya a farkon 2024. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da riyal miliyan 8, ku faɗa min wane direba ko mai sayar da tsaraba a bakin Harami zai iya, balle wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ma da ƙyar ake sabuntawa, ta'amin ɗin, wato inshorar lafiya, kuma iyakarsa zazzaɓi da ciwon kai.

Abin da likitar ta nanata mana har sau ba adadi shi ne jijiyar ido in ta mutu ba ta dawowa, ko an yi dashe ya kama. Dashen zai tsayar da ɓarnar ne kawai. Shi ya sa suke so a yi shi jariri yana ɗan watanni, kowane wata da aka ɓata ana shafe-shafe da hayaƙi ana cewa kambun baka ne ko shafar aljanu, gani ne yake tafiya. Addu'a muna yi dare da rana, zamzam muna ba shi, amma da katin asibiti a hannu.

Sai maganar aure, wadda na san wasu za su ji haushina. Gwajin kafin aure da aka wajabta a nan tun 2004 sikila da talasimiya, wani ciwon jini na gado, yake dubawa, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau, wannan ciwon ƙashin ba ya ciki. Takarda za ta fito lafiya lau alhali ango da amarya duka biyun suna ɗauke da shi ba su sani ba, kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Sai bayan abin ya faru da yaronmu wata Goggo a dangin take faɗa mana ai a gidan an taɓa rasa jarirai masu babban kai da ba sa gani, tun zamanin kakanni, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Ni ban ce a daina auren zumunci ba, halal ne kuma ya riƙe gidaje da yawa a baƙuntar nan, kai a wajen neman mai ba da ɓargo ma dangin da suka auri juna sun fi samun wanda ya dace ko a ƴan uwa na nesa. Amma dan Allah iyaye ku riƙa faɗar abin da ya taɓa faruwa.

Duk wanda aka ce wa ɗansa yana da shi, ya nemi a yi gwajin ƙwayar gado a rubuta masa sunanta a takarda, saboda akwai nau'in da dashe ba ya yi wa amfani, kamar wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, akwai kuma wani mai haɗawa da matsalar ƙoda da ya fi yawa a tsakanin Larabawa, shi tafiyarsa daban ce. A kai yaro likitan ido da wuri, sannan a ɗebi jinin yayyensa da iyayensa a duba dacewa tun a makon farko, kar a jira sai an kammala zancen kuɗi.