Yini guda a kan burjin dajin Kielder

Da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa na yi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota daga Newcastle domin kawai in hau keke a hanyar burji, sai da ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, kwalta ce ta ƙare a Ingilar?" Na ce, "A'a, Hajiya, kwalta tana nan birjik, motoci nake gudu." Ba ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba, domin a inda na tashi burji hanya ce da ake bi bisa tilas, a sha ƙura da rani, a yi fama da taɓo da damina. A nan kuwa mutum yakan sayi keke na musamman, mai lanƙwasasshen kai irin na keken tsere amma mai taya faɗin milimita 40 ko fiye, don kawai ya je neman irin wannan hanya.

Kielder yana cikin gundumar Northumberland ne, a ƙarshen arewacin Ingila, 'yan mil kaɗan daga iyakar Scotland. Wanda ya fara zuwa zai ɗauka daji ne da ya samo asali tun kaka da kakanni, saboda duk inda ya juya itatuwa ne dogaye sun rufe tuddai har iya ganinsa. Alhali kuwa shuka shi aka yi, kamar yadda ake shuka gona. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna wa Birtaniya cewa ba ta da katakon da zai ishe ta idan aka tare mata hanyoyin teku, sai ta kafa hukumar kula da gandun daji a 1919, aka kuma fara dashe a Kielder a cikin shekarun 1920, a kan tuddan da a da tumaki ne kawai ke kiwo a kansu. A shekarun 1930 har marasa aikin yi aka riƙa kawowa daga garuruwan masana'antu, ana ajiye su a sansani suna aikin dajin. Yau faɗinsa ya kai murabba'in mil kusan 250, shi ne dajin shuka mafi girma a Ingila, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na itatuwansa iri ɗaya ne, wanda ake kira Sitka, da aka samo daga gaɓar yammacin Amurka ta Arewa saboda yana jure dausayi da sanyi, yana kuma saurin girma.

Tafkin da ke tsakiyarsa ma aikin hannu ne. An tare kogin North Tyne da madatsa, aka fara gini a 1975, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi a 1982, yana ɗaukar ruwa lita biliyan 200. An yi shi ne domin masana'antun ƙarfe da na sinadarai na arewa maso gabashin Ingila, amma kafin ya cika masana'antun sun fara durƙushewa. A ƙarƙashin ruwan akwai wurin da ƙauyen masu haƙar kwal na Plashetts yake a da, da wani ɓangare na tsohon layin dogo.

Hanyar da ta zagaye tafkin, wadda suke kira Lakeside Way, mil 26 ce, wato kimanin kilomita 42, kuma an ware ta ne ga masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu doki. Na faro daga wajen madatsar da hantsi, na bi gefen arewa, wanda shi ne ya fi nisa da titin mota, ya kuma fi wahala. Duk wanda ya ji an ce hanya ta bi bakin tafki zai zaci shimfiɗaɗɗiya ce, amma wannan hawa da gangara ce babu hutu: ka sauka cikin kwarin wani rafi, ka haye 'yar gada, ka sake danna feda a ƙaramar giya har numfashinka ya riƙa fita da ƙarfi. Kafin in tashi na rage iskar tayoyina, saboda tayar da aka cika tam takan riƙa tsalle a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, ta kuma gajiyar da wuyan hannu. A gangara kuma na koyi kada in damƙe birkin gaba a kan kwana, domin tsakuwar da ba ta danne ba takan zame a ƙarƙashin taya ba tare da sallama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauti. A kan kwalta kunnen mai keke kullum yana baya, yana sauraron motar da ke tafe, kafaɗarsa a ɗaure. A nan sai da na yi kusan awa guda kafin in lura cewa na daina waiwaye. Babu abin da nake ji sai ƙaraf-ƙaraf na tsakuwa a ƙarƙashin taya, da iska a saman itatuwa, da ruwan da ke gangarowa ta magudanun gefen hanya, ruwa mai launin shayi saboda irin ƙasar dausayin da ya ratso. Wani jan kurege ya tsallaka gabana a guje. Wannan daji na cikin manyan wuraren da irinsa ya rage a Ingila, bayan kurege mai launin toka da aka kawo daga Amurka ya kore shi daga yawancin ƙasar.

A can ƙarshen tafkin na tsaya a kan tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka gina a 1862, mai bakuna bakwai da aka karkata su domin su dace da yadda kogin ke bi ta ƙarƙashi. Kusa da nan na yi alwala da ruwan gorata, na shimfiɗa rigar ruwa a kan ciyawa na yi azahar, sannan na ci abin da na zo da shi. Ƙauyen Kielder yana kusa, da gidan farautar da aka gina wa basaraken Northumberland a 1775.

Daga nan ne na bar hanyar tafki na shiga manyan hanyoyin cikin dajin, waɗanda su ne ainihin burjin da masu irin wannan keke ke so, masu faɗi, farare-farare, suna hawa tudu a hankali na tsawon mil da yawa. A kansu ake yin tseren keke na Dirty Reiver a watan Afrilu, wanda zangonsa mafi tsawo kilomita 200 ne, sunan kuma ya fito ne daga ɓarayin shanun da suka addabi wannan iyaka shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A nan ne kuma ya kamata a gyara maganar da ake yawan yi cewa babu mota. An hana motocin jama'a shiga yawancinsu, akwai shingen ƙarfe a bakin hanyoyin, amma ba don mai keke aka shimfiɗa su ba. An yi su ne domin fitar da katako, kuma har yau aikinsu ke nan. Ina cikin hawa wani tudu na ji ƙasa tana ɗan rawa, sai ga tirela shaƙe da gumagumai ta ɓullo daga kwana. Na sauka, na ja keke cikin ciyawa, direban ya ɗaga mini hannu, ya wuce ya bar ni cikin farar ƙura da ƙamshin ɗanyen itace. Gaba kaɗan sai na tarar da gefen tudu guda an sare shi ƙarƙaf, kututture kawai da tulin rassa, ga kuma gumaguman a jere a bakin hanya sun fi tsayin mutum. Wasu sukan ce wannan yana ɓata musu kallo. Ni dai ban ga abin ƙorafi ba, domin kuɗin wannan katako ne ya sa ake zuba tsakuwa ana gyara magudanu, kuma idan aka rataye allo cewa an rufe hanya ana sara, komawa baya ya fi. Guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 ma ta kayar da itatuwa masu ɗimbin yawa, har wasu hanyoyin suka daɗe a rufe.

Tsautsayin ranar ya same ni ne da yamma, lokacin da wani dutse mai kaifi ya tsaga tayar baya. Wayata ba ta da sabis ko ɗigo, kuma tun bayan tirelar ban sake ganin kowa ba. Na gode wa Allah da na zo da tub da famfo. Sai dai da na tsuguna iska ta tsaya cak, ƙananan ƙudajen nan masu cizo da suka yi suna a yankin daga Yuni zuwa Agusta suka yi mini rubdugu, suna shiga kunne da ƙasan hular kwano, ina ɗaura taya da hannu ɗaya ina kaɗe fuska da ɗayan. Muddin keke yana tafiya ba sa iya bin mutum, shi ya sa ban tsaya goge baƙin man sarƙa daga yatsuna ba. Na gangara zuwa gefen kudu na tafkin, wanda ya fi sauƙi, na isa madatsar wajen ƙarfe takwas da rana ba ta faɗi ba tukuna. Tudun Deadwater mai tsayin mita 571, wanda na hango daga ƙauyen ban hau ba, na bar shi sai watan Satumba, idan Allah Ya kai mu, lokacin da ƙudajen suka ja baya.