Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Aka Harbe Masu Rigakafi

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aikin ɗigon rigakafin shan inna a unguwarmu. Yau zan shiga 2013, shekarar da duk matar da ta taɓa rataya akwatin ƙanƙara a Kano ba za ta manta da ita ba.

Dama garin a tsorace yake. A watan Janairu aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, aka rasa rayuka, gwamnati ta hana acaba ɗaukar fasinja. Sai ranar Juma'a 8 ga Fabrairu da safe, wasu suka zo a adaidaita sahu suka buɗe wuta a ƙananan asibitoci biyu, ɗaya a Hotoro, ɗaya a wajen Unguwa Uku. Mata tara aka kashe, irinmu, masu hijabi da alli da alƙalamin shafa wa yaro a farce.

Duk wanda ya san ni ya san matsoraciya ce. Titin Zariya ma ba na tsallakawa sai na samu wanda zan raɓa. A ƙungiyarmu kuwa akwai wata mai zafin kai, wadda ko maigida ya fito da sanda sai ta tsaya sun yi ta. Da aka sake kiran mu zagaye, ita ce ta fara ajiye aiki. Ta ce, "Ni ba zan mutu a kan kuɗin da bai kai cefanen mako ba." Ban ga laifinta ba, don lissafinta daidai ne.

Malam ma lissafinsa daidai ne. Da dare bayan yara sun yi barci ya ce, "Ki dube su. In wani abu ya same ki, wa zai riƙe su?" Na yi shiru, don ba ni da amsa. Tausayi ne ya sa shi hana ni, tausayi ne kuma ya hana ni zama.

Ƙanina ya sha inna tun yana tatata. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, da ya tashi ƙafafun ba su tashi ba. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an kai shi ƙauye. Ni nake goya shi zuwa makarantar allo har ya yi min nauyi, daga nan ya koma sa silifa a hannu yana jan jiki. Da damina in ya dawo, ni nake wanke masa gwiwa, fatar ta yi kanta ta tsattsage. Saboda haka in na shiga gida na ga yaro ɗan shekara biyu yana gudu tsirara a tsakar gida, ƙafafunsa nake fara kallo. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Najeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kuma kusan duk a Arewa suke.

Iyayen da ke korar mu ma ban taɓa ɗaukar su maƙiya ba. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. A 2003 aka ce ɗigon yana hana haihuwa, gwamnatin jiha ta dakatar da shi, sai a Yulin 2004 aka dawo da wanda aka sayo daga Indonesiya. Wani magidanci ya taɓa ce min, "Hajiya, zazzaɓi na kashe mana 'ya'ya ba ku kawo magani kyauta ba, sai wannan kuke bin mu da shi har ɗaka?" Shi ma ɗansa yake karewa, hanya ce ta raba mu.

Na ce wa Malam zan koma, amma in ya hana na hanu. Ya kwana bai ce komai ba. Da asuba da ya dawo masallaci ya ce, "Ki je, Allah Ya tsare. Amma ki cire rigar aikin nan, akwatin kuma ki sa shi a buhu."

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yarinyar da ke riƙe min takardar ƙidaya. Budurwa ce da ta gama sakandare, an sa ranar aurenta. Tun da sassafe ta zo ƙofar gida da bironta, ta ce, "Anti, mu tafi." Ni da na kwana ina roƙon a bar ni na fita, sai ga ni na tsaya kai da fata sai ta koma gida. Ta yi kuka, ta ce na raina ta. Na ce ta yi haƙuri, raina zan iya kai shi inda na ga dama, amma ban da fuskar da zan kalli mahaifiyarta da ita. Ranar ni na ɗiga, ni na shafa farce, ni na rubuta, ni na yi alli a bango. Duk adaidaitar da ta rage gudu a bakin lungu sai cikina ya kaɗa, in tura kai soron da ya fi kusa ko da na riga na gama da gidan.

Wajen azahar ɗan rakiyar da mai unguwa ya haɗa ni da shi ya ce, "Hajiya, akwai mutumin da ke bin mu tun safe." Na waiga jikina na rawa. Malam ne, ya rufe shagonsa, yana tsaye gindin darbejiya kamar mai jiran wani.

A lungun nan akwai gidan wani dattijo da bai taɓa bari mu wuce soronsa ba. Ranar sai ga jikarsa da gudu, wai Baba na kira na. Abin da ya faru a soron nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.