Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kitson 7 ga Fabrairu

Makon jiya na tsaya a inda na samu kujera a wani shagon kitso da ke Harlem, a birnin New York. To, a wannan kujerar aka fasa mini wata tukunya da na daɗe ina riƙe da ita.

Ranar ana sanyi mai ratsa ƙashi. Wata dattijuwa baƙar fata 'yar Amurka ta shigo da jan kyalle maƙale a ƙirjinta. Ina tsaga mata kai ta ce yau 7 ga Fabrairu, ranar da baƙaƙen fata suka ware don wayar da kai kan cuta mai karya garkuwar jiki. Ta tambaye ni yaushe rabona da gwaji.

Na ce, "Haba Anti, ni fa matar aure ce."

Ta kalle ni ta madubi, ta ce ita ma matar aure ce lokacin da ta kamu, kuma ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta. Hannuna ya tsaya cak a gashinta.

Awa huɗu muka yi, bakinta bai huta ba. Ta ce mata baƙar fata ba su kai kashi 15 cikin ɗari na matan Amurka ba, amma kusan rabin matan da ake samu da cutar duk shekara su ne. Wasu rashin inshora ke hana su zuwa asibiti, wasu kuma tsoron likita, tun abin da aka yi wa maza baƙar fata a garin Tuskegee na jihar Alabama daga 1932 zuwa 1972, aka bar su da ciwon tunjere ba magani. Ta ce tun 2012 akwai ƙwayar rigakafi, PrEP, da mace za ta riƙa sha kullum ba sai ta roƙi miji ya sa kororon roba ba. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san gidajenmu: wace ce za ta iya buɗe baki?

Ita kuwa da ke ɗauke da cutar, ƙwayar magani ɗaya take sha a rana, ga jikoki har uku.

Da ta tafi na leƙa jakata, ashe ta cusa mini takardar wurin gwaji kyauta. Kwana tara tana ƙarƙashin sallayata. Yadda na tunkari maigidan da zancen, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.