Ruwan da na riƙa zubarwa

Wata shida na farko a ɗakin gwaje-gwaje a Jos, aikina bai wuce kiwon ƙwayoyin beta a faranti ba. Su ne ƙwayoyin da ke cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, masu samar da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini. In ba su sukari, in auna abin da suka fitar, in tuttular da sauran ruwan. Wata safiya da hunturu, yatsuna sun ƙage don sanyi, Malam ya tsaya a bayana ya ce, "Ke, kin san abin da kike zubarwa kuwa?"

Ashe ruwan cike yake da eksosom, wasu 'yan ƙunshi da ƙwayar halitta ke fitarwa, girmansu nanomita 30 zuwa 150 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Na ɗan samu sauƙin kunya da na karanta cewa manya ma sun yi musu kallon shara. A 1983 aka fara ganinsu a jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, Rose Johnstone ta raɗa musu suna a 1987, kuma an daɗe ana ɗauka hanyar zubar da tarkace ce. Sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna suna ɗauke da RNA, sinadarin da ke ɗauke da saƙon umarni a cikin ƙwaya, daga wata ƙwaya zuwa wata.

Nan ne fahimtata game da ciwon suga ta sauya. Da ina ganin ƙwayar beta ita kaɗai take fama. Ashe aike take yi, ana kuma yi mata. Ƙunshin da take fitarwa yakan ɗauki furotin irin su GAD65, waɗanda garkuwar jiki ke kai wa hari a nau'in ciwon na ɗaya. A ɓeraye masu ƙiba kuwa, an ga ƙunshin da ke fitowa daga ƙwayoyin garkuwa na cikin kitse yana sa hanta da tsoka su daina jin kiran insulin.

Zumuɗi ya kwashe ni. Na wulwula ruwan a inji da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, na ga ɗan abu ya kwanta, na ruga ofishin Malam. Tambaya ɗaya ya yi: ruwan jinin ɗan maraƙin da nake ciyar da ƙwayoyin da shi, na tace nasa eksosom ɗin? Ban tace ba. Wahalar mako uku, ban san nawa ne na beta, nawa ne na saniya ba.

Ranar da na koma gida, Inna, wadda ta shekara tara tana shan metformin, maganin ciwon suga, ta ce, "To, 'yar boko, an samo maganin?" Na ce mata yawancin abin a ɓeraye da faranti yake tukuna, kada ta kuskura ta ajiye maganinta. Ta yi dariya ta ce in miƙo mata na'urar gwajin suga, tana kan firji.