Gwiwar Inna

Laraba. Aiki rabin yini, daga nan sai asibiti da Inna.

Kun dai san tun bara take kukan gwiwar dama. An shafa, an ɗaure, an gasa, shiru. Yau likitan ƙashi ya ɗan lallatsa gwiwar, bai wani daɗe a kanta ba ya ce ta kwanta rigingine. Ya lanƙwasa ƙafar, ya murɗa cinyar zuwa ciki a hankali. Inna ta saki ƙara, ta dafe can saman cinya.

"Mama, kina iya yanke farcen ƙafarki da kanki?"

"Ina fa, ɗan nan. Jikoki ke yi min."

"Shiga mota fa?"

"Sai na ɗago ƙafar da hannu."

"To ba gwiwar ba ce. Ciwon a kwatangwalo yake."

Inna ta ɓata rai. "Likita, ni da jikina ban san inda ke min ciwo ba?"

Ya ce ba ƙarya ta yi ba, a gwiwar take ji. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo daga gaɓar kwatangwalo su ne ke gangarowa ta cinya har gwiwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan kasa tantance daga ina saƙon ya fito. Hoton ƙashi ya nuna haka: gwiwar ba laifi, amma a sama guringuntsi ya cinye, ƙashi ya kusa gogar ƙashi. Amosanin gaɓa ne.

A hanya har dariya muka yi, tana ta mitar wai an raina mata wayo.

Da na dawo gida sai wata maganarsa ta tsaya min a rai. Ya ce mai ɗingishi kan jibga nauyinsa a kan ƙafar da ke da lafiya, tsokar ɗuwawu ta ɓangaren ciwon kuma ta yi ta raguwa. In aka ɗau shekaru a haka, gwiwar ɗaya ɓangaren ita ma sai ta fara lalacewa, wannan karon da gaske. Kuma kwanan nan Inna ta fara dafe gwiwar hagu in za ta miƙe. Na gani da idona. Shekara guda ana jinyar inda ba nan ba ne, wa ya san abin da hagun ta sha?

Ya ce ta riƙe sanda a hannun hagu, ba dama ba. Ta ce ita ba ta kai riƙe sanda ba.

Gashin ƙashi ranar Litinin. Na kira Yaya, ita kaɗai Inna ke jin maganarta, ta zo ta lallashe ta kan sandar nan.